Daidaita Haske da Duhu a Hoton Shimfiɗar Ƙasa da Koyo Daga Tarken Abokan Karatu

1.0 Gabatarwa

Malamin Hausa ba ya rabuwa da buƙatar hoto a aji. Idan zai koyar da insha'in siffantawa, ko sunayen itatuwa, ko sana'o'in gargajiya irin su noma da kiwo, hoto guda mai kyau yakan hutar da shi dogon bayani. A da, sai malami ya yanko hoto daga tsohuwar kalanda ko mujalla, shi ya sa ake samun yaron da aka haifa a Mai'adua yana fama da siffanta tsaunin da ƙanƙara ta lulluɓe, alhali bai taɓa rubuta jimla ɗaya a kan jigawar da ke bayan gidansu ba. Yanzu wayar hannu ta kawar da wannan uzuri. Malami zai iya ɗaukar hoton garinsu da kansa, ya gyara shi, ya kai wa ɗalibansa.

To amma gyaran shi ne inda gizo ke saƙar. Wannan darasi zai yi bayani a kan abu guda daga cikin gyaran hoto, wato daidaita haske da duhu a hoton shimfiɗar ƙasa, kamar gona da fili da fadama da sararin da ke samansu. Za mu kuma ga dalilin da ya sa mai gyara ba ya iya wannan aiki shi kaɗai, sai da idon abokansa. Misalanmu za su fito ne daga Mai'adua, ta masarautar Daura a Jihar Katsina, domin yanayin haskenta yana tattare da kusan duk matsalolin da mai ɗaukar hoto zai ci karo da su a arewacin ƙasar Hausa.

1.1 Matakan Haske

Kowane hoto, ko mai launi ne, yana ɗauke da matakai na haske, tun daga baƙi ƙirin har zuwa fari fat, da toka-toka iri-iri a tsakani. A hoton da waya kan ajiye, wanda ake kira JPEG, matakan 256 ne ga kowane launi, ana ƙirga su daga 0, wato baƙi, zuwa 255, wato fari. Daidaita haske da duhu shi ne raba waɗannan matakai ga sassan hoto ta yadda kowane sashe zai samu rabon da ya dace da shi: inuwa ta yi duhu ba tare da abin da ke cikinta ya ɓace ba, wuri mai haske ya yi haske ba tare da ya koma kamar farar takarda ba.

Ɗalibin da ya yi nazarin tsarin sauti ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Mun san cewa karin sauti ne kaɗai ya raba kuka na hawaye da kuka itaciya: na farko karin sama ne a gaɓoɓinsa biyu, na biyu kuwa sama ne da ƙasa. Mun kuma san cewa karin sama ba shi da wani tsayayyen ma'auni. Karin saman dattijo yana iya zama ƙasa da karin ƙasan yarinya, kuma a cikin doguwar jimla, karin saman da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauko, bai kai na farkon jimlar ba. Duk da haka kunne yana jin sa a matsayin na sama, saboda yana auna shi ne da maƙwabcinsa. Haka ido yake yi da haske. Toka guda, idan aka ɗora ta a kan baƙi sai ta yi kamar fara, idan aka ɗora ta a kan fari sai ta yi duhu. Ke nan ba a tambayar ko wannan sashe na hoto ya yi haske, sai dai a tambayi ko ya yi haske in an gwada shi da na kusa da shi.

Wasu masu ɗaukar hoto biyu na Amurka, Ansel Adams da Fred Archer, sun tsara wannan tunani a wajejen 1939 zuwa 1940. Tsarin, kamar yadda ya zauna daga baya, ya kasa haske zuwa shiyyoyi 11, daga 0 zuwa 10, kowace shiyya tana ninka hasken wadda ke ƙasanta sau biyu. Shiyya ta 5 ita ce tokar tsakiya. Ta 3 ita ce inuwar da har yanzu ake ganin abin da ke cikinta sosai, ta 7 kuwa haske ne da bai shafe zanen abu ba. Ba dole ne malami ya haddace wannan ba. Amfaninsa shi ne ya koya wa mutum ya tsaya gaban fili ya yanke shawara tun kafin ya danna: gindin wannan kuka a ina nake son ya faɗa, wannan rairayi kuma a ina?

1.2 Hasken Mai'adua

Mai'adua tana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kusan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ƙasarta jigawa ce mai farin rairayi, shimfiɗaɗɗiya, da itatuwa jefi-jefi, irin su gawo da kuka da goruba. A irin wannan wuri sarari kan cinye rabin hoto ko fiye, kuma sarari ya fi ƙasa haske nesa ba kusa ba. Idon mutum yana buɗewa yana tsukewa yayin da yake yawo daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa yake ganin girgije da gindin itace duk daidai. Kyamara ba ta da wannan gata sosai. In ta auna sarari, ƙasa ta yi baƙi. In ta auna ƙasa, sarari ya ƙone ya koma fari fat. Matsalar tsohuwa ce. Tun a shekarun 1850, Gustave Le Gray na Faransa yakan ɗauki teku daban, sarari daban, sannan ya haɗa su a takarda guda. Wayoyin zamani suna yin kusan haka da kansu: suna ɗaukar hotuna da dama cikin ƙiftawar ido su gwama su. Sai dai sau da yawa sukan wuce gona da iri, su fitar da hoton da babu inuwar kirki a cikinsa.

Matsala ta biyu ita ce ta rairayi. Ma'aunin hasken kyamara an tsara shi ne ya mayar da abin da ya gani zuwa tokar tsakiya. Idan farin rairayi ya cika hoto, sai kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, rairayin ya fito da dauɗa-dauɗa kamar an yayyafa masa toka. Haka take yi wa garken fararen shanu.

Ta uku, wadda ta fi ba da wahala, ita ce hunturu. Daga wajejen Nuwamba zuwa Maris iska kan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙurar tana watsa hasken rana ko'ina, sai inuwa ta yi laushi, baƙi ya daina zama ƙirin, abin da ke nesa ya yi dishi-dishi. A hoton irin wannan rana duk matakan haske sukan cunkushe a tsakiya. Mai gyara yana gani sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya so ya wanke hazon tas. A nan ne ake yawan yin ɓarna, kamar yadda za mu gani a gaba.

Saboda waɗannan dalilai, rabin gyara ana yin sa ne tun a fili. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana, domin a lokacin rana tana gefe, inuwa tana da tsawo, kunyoyin gona da tudun rairayi suna fitowa. Da tsakar rana kuwa inuwa takan taru a gindin itace ta yi baƙi wuluk. Idan dole ne a zaɓa, gara a kare sarari daga ƙonewa a bar ƙasa ta ɗan yi duhu, domin abin da ya shiga duhu ana iya jawo shi, amma abin da ya kai 255 ya tafi ke nan. Wata 'yar tunatarwa kuma: Mai'adua garin iyaka ne, wanda ya fita ɗaukar hoto wajen Kwangwalam ya nisanci shingen jami'an tsaro, kuma ya nemi izinin mai gona ko mai garke kafin ya ɗaga waya.

1.3 Yadda Ake Gyarawa

Kafin komai, a ajiye kwafin hoton na asali, kada a taɓa shi. Sannan a buɗe jadawalin haske, wanda ake kira histogiram, da ake samu a manhajoji irin su Snapseed da Lightroom a waya, ko Photoshop da GIMP a kwamfuta. Jadawalin kamar tudu yake: hagu baƙi ne, dama fari, tsayin tudun a kowane wuri kuma yana nuna yawan ɗigogin hoton da ke wannan mataki. Idan tudun ya jingina da bangon dama ya hau shi, wani sashe ya ƙone. Idan ya hau bangon hagu, wani sashe ya nutse. Babu wata siffa da za a ce ita ce daidai ga kowane hoto. Jadawalin yana faɗin abin da ke akwai ne kawai, ba ya faɗin abin da ya kamata.

A fara da hasken hoton gaba ɗaya, a ɗaga shi har rairayi ya yi kama da rairayi. Daga nan a nemi wuri mafi duhu da wuri mafi haske a tsayar da su. A rage hasken sarari kaɗan in ya yi yawa, a buɗe inuwa kaɗan in ta rufe abu mai muhimmanci. Kalmar "kaɗan" a nan ba ado ba ce. Inuwar da aka buɗe da ƙarfi takan fito da ɗige-ɗige kamar tsakin gero, kuma fuskar manomi da ke ƙarƙashin malafa takan koma fari-fari kamar wanda bai shafa mai ba. Bayan an gama da hoton baki ɗaya sai a koma ga sassa: a ɗan ƙara wa hanyar da ke ratsa gona haske don ta ja ido, a ɗan rage wa kusurwar da ke janye hankali. Masu wanke hoto na zamanin fim suna yin wannan da hannu a ɗakin duhu, suna kare haske daga wani sashe na takarda, suna ƙara shi a wani.

Alamar da ta fi tona asirin gyaran da ya wuce kima ita ce farin zobe da kan bayyana a gefen itace ko a inda ƙasa ta haɗu da sarari. Wata alamar ita ce ɓacewar nisa. A zahiri, abin da ke nesa yana da rangwamen duhu fiye da na kusa, saboda iskar da ke tsakani. Wannan bambanci ne ke gaya wa ido cewa wancan gawo ya fi wannan nisa. In aka mayar da su duka baƙi iri ɗaya, filin da ya miƙe har iyakar gani sai ya koma kamar zane a bango.

Kada a fahimci cewa gyara laifi ne. Adams ya ɗauki shahararren hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez na Jihar New Mexico a 1941, ya kuma shafe shekaru fiye da 30 yana sake wanke shi, kuma sararin da ke cikin na baya-bayan ya fi na farkon duhu ƙwarai. Amma shi aikin fasaha yake yi, kowa ya san haka. Hoton da zai shiga aji ya fi kusa da na ɗan jarida, domin yara za su ɗauke shi a matsayin shaida. A 2015, gasar hotunan jarida ta World Press Photo da ake shiryawa a Holan ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda sauye-sauyen da aka yi musu, har da waɗanda aka duhunta su sosai har wasu abubuwa suka ɓace.

1.4 Tarken Abokai

Me ya sa mai gyara yake buƙatar wani? Da farko, ido yana sabawa. Wanda ya yi minti 30 yana ƙara duhu a hankali ba zai ga nisan da ya yi ba, kamar mai miya da ta yi ta ɗanɗanawa har harshenta ya daina jin gishiri. Na biyu, mai hoton ya je wurin, don haka yana ganin abin da ya tuna ne, ba abin da ke fuskar waya ba. Ya san akwai rumbu a cikin waccan inuwa, sai ya ga rumbu. Baƙo kuwa baƙi kawai yake gani. Na uku, fuskokin waya sun bambanta, kuma wanda ya ƙure hasken wayarsa zai yi ta fitar da hotuna masu duhu bai sani ba.

Wata shekara na ba ɗalibaina aikin kawo hoton da za a koyar da insha'i da shi. Wani daga cikinsu, ɗan Mai'adua, ya kawo hoton da ya ɗauka a watan Janairu a bayan gari, da safiyar Lahadi, ranar kasuwa: garken shanu ya nufi kara, ga karan gero a tsaye, ga kuka da gawo biyu. Ya yi aiki a kansa sosai. Hazo ya tafi, sarari ya yi shuɗi shar, komai ya fito rangaɗau. Da aka haska shi a majigi sai aji ya ɗauka, "Ya yi kyau, ya yi kyau." Na ce ban karɓi wannan ba, kowa ya faɗi abin da ya gani. Can sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, sararin na Agusta ne, itatuwan kuma na Janairu." Ta yi gaskiya. Kuka tana tsaye ba ganye, gawo kuwa ya yi lif, kuma duk ɗan ƙauye ya san gawo da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Itatuwan suna cewa hunturu, sarari yana cewa damina. Da an kai wa yaran firamare hoton an ce su siffanta hunturu, da abin da ya fi komai nuna hunturu, wato hazo, babu shi. Mai hoton ya ɗan ji nauyi, amma da ya buɗe na asali kusa da gyararren, shi da kansa ya nuna farin zoben da ke kewaye da rassan kukar.

Wannan ya nuna inda matsalarmu take. Tarbiyyarmu ta kunya da kara tana sa mu ga kamar faɗin aibin aikin mutum a gabansa cin fuska ne. Wasu kuma, in sun samu dama, sai su mayar da tarke fagen ramuwa. Duka biyun ba sa gyara hoto. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ɗalibin da ya yi darasin tarken adabi ya san tarke ba zagi ba ne, auna aiki ne da hujja.

Hanyar da na ga ta fi amfani ita ce a zauna mutum huɗu zuwa shida, a duba hoton a na'ura guda, a cikin inuwa. Idan za a tura ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta yau da kullum tana matse hoto ta rage masa inganci. Mai hoton ya faɗi abu biyu kawai: lokacin da ya ɗauka, da darasin da yake son koyarwa da shi. Daga nan ya yi shiru ya riƙe biro. Masu dubawa su fara da siffantawa kafin hukunci: ina idona ya fara sauka, ina ya tafi daga nan, me na kasa gani. Sai bayan haka a zo ga shawara, kuma kowace shawara ta nuna wuri da dalili. "Hoton ya yi duhu" ba tarke ba ne. "Inuwar gawon hagu ta haɗiye shanu biyu, kuma darasin a kan kiwo ne" shi ne tarke.

A nan malamin Hausa yana da jarin da bai cika lura da shi ba. Harshenmu yana da amsa-kama da ninki waɗanda ke rarrabe matakan haske filla-filla: baƙi ƙirin daban da baƙi-baƙi, fari fat daban da fari-fari, ga duhu-duhu, ga dishi-dishi, ga tangaran. Idan aka yarda a aji cewa "fat" na nufin wurin da ya ƙone babu zane, "ƙirin" kuma wurin da ya nutse, an samu ma'aunin da kowa ke ji ba tare da aron kalma ba. Kuma zaman tarken ya zama darasin siffantawa tun kafin a kai ga yara.

Shi kuma mai karɓar tarke ba dole ne ya bi duk abin da aka ce ba. Idan mutum ɗaya ya ce sarari ya yi nauyi, wataƙila ra'ayinsa ne. Idan uku suka nuna wuri guda, akwai magana a wurin, ko da maganin da suka bayar ba shi ne daidai ba. Sau da yawa abokai sun fi iya gano ciwo fiye da rubuta magani. Ya kamata kuma a kula da wani haɗari: ƙungiyar da ta daɗe tana zama tare takan koma son abu iri ɗaya, har hotunan kowa su yi kama. Maganin wannan shi ne a riƙa nuna hoton ga wanda ba ya cikin zaman, musamman mutumin wurin. Manomin da ya shekara 40 yana duban wannan fili zai gaya maka nan take in ƙasar ba haka launinta yake ba. Manyan masu sana'ar ma ba su wuce zama da juna ba; Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar f/64 a Kalifoniya a 1932, suna duba ayyukan juna, suna baje kolinsu tare.

1.5 Daga Waya Zuwa Aji

Gwaji na ƙarshe shi ne inda hoton zai ƙare. Fuskar waya tana fitar da haske, takarda kuwa ba ta yi, don haka hoton da aka buga yakan fi duhu. Injin fotokwafi ya fi muni: yakan cinye tokar tsakiya ya bar baƙi da fari, sai hoton hunturu, wanda kusan dukkansa toka ne, ya lalace. Majigi a ajin da tagoginsa ba su da labule yakan wanke inuwa. Saboda haka a buga gwaji guda, a manna shi a allo, a koma kujerar ƙarshe a duba. In daga can ba a rarrabe gawo da kuka, a koma a ƙara tazara tsakanin itatuwan da abin da ke bayansu.

Ɗalibin nan ya sake gyara hotonsa sau biyu. A na ƙarshe ya bar sararin fari-fari yadda ya same shi, ya ɗaga hasken rairayi, ya ƙara wa shanun gaba duhu kaɗan, ya bar na baya suna shiga hazo. Da shi ya koyar da insha'i a lokacin gwajin koyarwarsa.

1.6 Aikin Yi

Ɗauki hoton fili guda sau biyu, da hantsi da kuma tsakar rana. Gyara wanda ka zaɓa, ka kwana ba ka dube shi ba, sannan ka kawo shi tare da na asali gaban abokanka huɗu. Rubuta abin da kowannensu ya faɗa da kalmominsa, ka nuna shawarar da ka karɓa da wadda ka bari, tare da dalilinka, a cikin shafi ɗaya.